Bayan Sallama Daga Asibiti: Yadda Ake Jinyar Mai Ciwon Jijiyoyin Zuciya a Gida

Ranar da aka sallami mutum daga asibiti bayan ciwon zuciya, gida yakan cika da barka, kuma abin a yi barkar ne. Sai dai akwai maganar da nake so mai jinya ya riƙe tun daga bakin ƙofar asibiti: an sallame shi ne don ya fita daga hatsarin gaggawa, ciwon kuwa yana nan tare da shi.

Zuciya tsoka ce, tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a bangon jijiyoyin nan har hanya ta ƙuntata. In wannan tarin kitsen ya tsage, jini ya daskare a wurin, sai hanya ta toshe, wani sashe na tsokar ya fara mutuwa saboda rashin jini. Abin da likitoci suka yi shi ne buɗe wurin da ya toshe, ko da magani, ko da ɗan bututun raga na ƙarfe da ake kira sitent, ko da tiyatar da ake yi wa jini sabuwar hanya. Kamar yasar rijiya ne, an kwashe ƙasar da ta rufe idon ruwa, amma bangon bai daina zubo da rairayi ba. Sauran aikin a gida yake, kuma ga yadda ake bin sa ga mutumin Tawa da kewaye.

Mataki na 1: Kafin a bar asibiti

Kada majinyaci ya saurari bayanin sallama shi kaɗai. Mutumin da ya kwana yana fama da tsoro da rashin barci ba ya riƙe rabin abin da aka gaya masa. A samu wani na gida wanda ya iya karatu, kuma wanda zai zauna tare da shi, ya tsaya kusa da alƙalami a hannu. A tambayi likita: me aka yi masa daidai? In an sa sitent, guda nawa ne kuma wace rana? Wane magani ne na har ƙarshen rayuwa, wanne ne mai wa'adi? Hoton zuciya ya nuna ƙarfinta ya ragu, ko yana nan? Yaushe za a dawo, kuma wa za a kira in wani abu ya taso da dare?

Takardar sallama, takardar magani, takardar awon bugun zuciya da sakamakon awon jini, duk a haɗa su cikin leda ɗaya, a kuma ɗauki hoton kowace da waya. Likitan da zai gan shi a asibitin jiha na Tawa bai san abin da aka yi a Yamai ba, takardun nan ne za su yi masa bayani.

In a Yamai aka kwantar da shi, kada a yi gaggawar kama hanya. Daga Yamai zuwa Tawa ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni kusan kilomita 550 ne, wunin tafiya. A nemi izinin likita, in da hali a ƙara kwanaki a gidan dangi kafin a taso. Ranar tafiya a fita da sassafe, a riƙa tsayawa duk bayan awa biyu ya sauko ya taka, maganinsa kuma ya kasance a aljihunsa, kada a ɗaure shi cikin kaya a saman mota. A sayi maganin wata guda ko fiye kafin a taso, don kada a iso gida a shiga yawon farmasi ana neman wani a rasa.

Mataki na 2: Magani

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi yin asarar rai, kuma asarar da ake iya kauce wa. Mutum ya dawo gida, bayan wata biyu ya ji garau, kuɗin magani ya yi nauyi, wani aboki a fada ya ce masa ai shan ƙwaya kullum yana kashe ƙoda. Sai ya ajiye. Jin garau ɗin nan kuwa aikin maganin ne.

Yawanci ana sallamar mutum da magani iri huɗu ko biyar. Zan rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwali don a iya gane su.

Na farko masu hana jini daskarewa. Aspirine kaɗan, miligiram 75 zuwa 100 a rana, wanda a farmasinmu ake yawan samu da sunan Kardégic, gari cikin ƴar takarda da ake narkawa a ruwa. Tare da shi ana haɗa clopidogrel, ko ticagrelor da ake sha sau biyu a rana. Bayan toshewar jijiya akan sha biyun tare har wata 12, sai in likitan zuciya ya rage ko ya ƙara. Ga wanda aka sa wa sitent, waɗannan biyun su ne ransa. Jini yana son daskarewa a jikin sabon ƙarfen kafin nama ya lulluɓe shi, kuma tsallake ƴan kwanaki kaɗai yana iya toshe shi farat ɗaya. Ko mai cire haƙori ne ya ce a dakata da su, kada a dakata sai likitan zuciya ya yarda. In kuɗi ya yi ƙaranci, a je a gaya wa likita ko mai farmasi a fili. Yawancin magungunan nan suna da irinsu mai araha da ke ɗauke da sinadari ɗaya: clopidogrel shi ne Plavix, atorvastatine shi ne Tahor. Babu kunya cikin tambayar mai araha.

Tunda jini ya tsinke, ƙaho da tsaga da duk aikin wanzami da ke fid da jini a jingine su. A lura da baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, fitsari ja, ko haɓon da ya wuce minti 10 bai tsaya ba. Kowanne daga ciki, asibiti a ranar. Ƴan tabo-tabon da ke fitowa a fata in an bugu ba su isa dalilin ajiye magani ba.

Na biyu mai rage kitsen jini, irin su atorvastatine da rosuvastatine. Ana shan sa ko da awo ya nuna kitsen ya sauka, ko da mutum siriri ne. In ciwon tsoka ya dame shi, musamman in fitsari ya yi duhu, a gaya wa likita, akwai sauyi.

Na uku masu rage gudun zuciya, irin su bisoprolol da aténolol. Ba a yanke su gaba ɗaya a rana guda, zuciya takan zabura. In bugun ya sauka ƙasa da 50 a minti kuma yana jin jiri, a kira likita kafin shan na gaba.

Na huɗu masu sauke hawan jini da kare tsokar zuciya, irin su ramipril da énalapril. Wasu sukan samu busasshen tari mai naci da su. Kada a yi ta sayen maganin tari, likita zai sauya da wani. In kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, wannan gaggawa ce. Haka kuma in amai da gudawa suka kama shi, musamman a bazara, a tuntuɓi likita a ranar, domin bushewar jiki tare da wannan maganin tana taɓa ƙoda.

Hanyar da na fi yarda da ita don kada a manta ita ce a ɗaura magani a kan salla. Na safe bayan Asuba, na dare bayan Isha'i. Mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin, kada a bar wa kowa da kowa, domin abin da aka bar wa kowa babu mai yin sa. A ja layuka a takarda, a liƙa a bango, duk wanda aka sha a ja masa alama. Ƴa ta shigo da kofin ruwa ta durƙusa ta ce, "Baba, ga na safe," ta tsaya har ya haɗiye, sannan ta ja alamar. In ya ce, "Ajiye nan, zan sha," ta ce, "To Baba, ku sha in tafi da kofin." In an manta har lokacin na gaba ya yi, a sha na lokacin kawai, ba a ninkawa. In saura na kwana bakwai, a sayi sabo.

Magani ba ya son zafi. Kada a bar shi a taga, ko cikin mota, ko ƙarƙashin kwanon rufi. A nemi wuri mafi sanyi da inuwa a ɗaki, inda yara ba sa kaiwa.

Sai maganar masu tallar magani a faranti da kan keke. Bayan cewa rana ta gasa kayansu, abin da suka fi miƙa wa mai ciwon gwiwa ko baya shi ne diclofénac da ibuprofène, su kuwa biyun nan suna ƙara hatsarin toshewar jijiya, suna kuma jawo zubar jini a ciki ga mai shan aspirine. Don ciwon jiki ko na kai, paracétamol ya isa, na haɗiya. A kula da Aspégic, shi ma aspirine ne, kada a ɗora shi a kan Kardégic. In zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, a gaya wa ma'aikacin lafiya cewa mai ciwon zuciya ne kafin a rubuta komi, domin kinin da wasu ƴan'uwansa suna taɓa bugun zuciya. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa, ƴan'uwa za su kawo su da kyakkyawar niyya. A karɓa a gode, amma kada a sha sai an nuna wa likita, babu wanda ya san yadda za su haɗu da mai tsinka jini. Addu'a ba ta karo da kowane magani, a yawaita ta.

Mataki na 3: In ciwon ya dawo

Wannan a koya wa kowa a gida tun daren farko, har da matasa.

Ciwon zuciya ba kullum yake zuwa da suka ba. Sau da yawa nauyi ne ko matsi a tsakiyar ƙirji, ya bi hannu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko baya, tare da zufa mai sanyi da ƙarancin numfashi. Ga mata da tsofaffi da masu ciwon sukari, wani lokaci abin da za a gani kawai shi ne kasala mai tsanani, tashin zuciya, ko zafi a bakin ciki. A nan ne ake kuskure, a ce ƙwannafi ne ko gyambon ciki, a jiƙa kanwa a ba shi, a ce ya kwanta zuwa safe. Ga wanda aka taɓa kwantarwa saboda zuciya, duk zafin da ya taso tsakanin cibiya da muƙamuƙi a ɗauke shi na zuciya ne har sai asibiti ya ce ba shi ba ne.

Ya tsaya da abin da yake yi, ya zauna ya jingina. In an rubuta masa trinitrine, maganin da ke buɗe jijiyoyi in ciwon ƙirji ya taso, na feshi ko na ƙwaya, ya sa ɗaya a ƙarƙashin harshe yana zaune, domin yana sauke jini, mai tsaye yana iya faɗuwa. Ciwon kai bayansa ba abin tsoro ba ne. A duba agogo. In minti 5 ya cika ciwon bai tafi ba, a kama hanyar asibiti, ana iya ƙara na biyu a hanya in ba ya jin jiri. Kada ya tuƙa kansa, kada a ɗora shi a bayan kabu-kabu. Tun yau a yi magana da maƙwabci mai mota, a rubuta lambarsa a bango tare da ta ƴan kwana-kwana, 18. Ledar takardu ta kasance a inda hannu zai kai cikin duhu. Kowane minti da aka ɓata ana shawara a tsakar gida, wani yanki na tsokar zuciya ne ke tafiya, kuma ba ya dawowa.

In ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi kamar yadda aka saba, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma yana kiran taimako. Yayyafa ruwa da fifita ba sa tada zuciyar da ta tsaya.

Akwai alamun da ba na gudu ba ne amma ba a kwana biyu da su: kumburin ƙafa, kasa kwanciya sai an tara matashi, farkawa da dare da shaƙewa, ko ƙarin kilo 2 cikin kwana 3. Ruwa ne ke taruwa a jiki.

Mataki na 4: Makon farko a gida

Ƴan dubiya za su zo, kuma zuwansu alheri ne. Amma mutum ashirin a rana, kowa sai an ba shi labarin daga farko, ya fi ƙarfin mai sabon ciwo. A tsayar da lokaci guda, misali bayan La'asar. Wani babba a gida ya karɓi gaisuwa a zaure ya ce, "Alhaji ya samu barci, zan gaya masa kun zo, Allah ya bar zumunci." Mai mura ko tari ya gaishe shi daga nesa.

Hutu ba kwanciya wuni ba ne. Ya tashi, ya sa tufafinsa, ya zauna a inuwa, ya zaga tsakar gida. Daga kwance ya fara zama tukuna kafin ya miƙe. Ruwan wanka mai ɗumi-ɗumi, kuma kada ya kulle ƙofar makewayi. Yunƙuri a bayan gida yana matsa wa zuciya, don haka in ciki ya ɗaure a ƙara ganye da ruwa, ko a nemi magani mai laushi wurin likita.

In ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi aka shiga don sa sitent, kada ya ɗauki abu mai nauyi har mako guda. In wurin ya yi jini, a danna da ƙarfi minti 10, in kuma kumburi yana girma a tafi asibiti. Wanda aka tsaga wa ƙirji nasa ya fi tsawo, ƙashin yana buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, wani har 12. A wannan lokacin ba ya ɗaukar abin da ya wuce kilo 5. Buta cike ba laifi, jarkar ruwa mai lita 20 kuwa kilo 20 ce. In zai yi tari ya rungume matashi a ƙirji. A wanke raunin da ruwa da sabulu a tsane shi, kada a shafa masa komi na gida. Ja, ruwa ko mugunya, zazzaɓi, ko jin ƙashi yana motsi, duk na komawa likita ne.

In majinyaciyar mace ce, a nan gida yake nuna ko da gaske yake. Daka, jan ruwa, wanki, ɗaukar itace, goyon jika, tsayuwa cikin hayaƙin murhu, duk a ɗauke mata. Iyayenmu mata ba sa iya zama suna kallon aiki, in ba a raba shi tun kafin ta dawo ba, za ta tashi ta yi.

Mataki na 5: Tafiya

Tafiyar ƙasa magani ce kamar ƙwayar, kuma ita kyauta ce. A makon farko minti 5 zuwa 10, sau biyu a rana, a tsakar gida ko ƙofar gida. Duk bayan kwana biyu ko uku a ƙara minti biyu. Abin da ake nema shi ne zuwa mako na 4 ko na 6 ya kai minti 30, kwana biyar a mako. Ma'aunin mai sauƙi ne: in yana tafiya yana iya hira da abokin tafiyarsa, daidai ne, in magana tana yankewa, ya rage. In ƙirji ya yi nauyi ko jiri ya zo, ya tsaya.

A Afrilu da Mayu zafin Tawa yana haura digiri 40, don haka tafiya bayan Asuba ce ko dab da Magariba. Da hunturu kuma akasin haka, sanyin asuba yana matse jijiyoyi, a jira rana ta ɗaga, a rufe hanci saboda ƙura. A zaɓi ƙasa mai tauri, domin tafiya cikin rairayi mai zurfi ninkin wahala ce. A bar awa guda bayan cin abinci. A makonnin farko wani ya raka shi, trinitrine a aljihu. Ruwa kuwa ya sha isasshe, sai in likita ya ƙayyade masa saboda raunin zuciya.

Mataki na 6: Tukunya

Shawarata ita ce kada a yi masa tukunya daban. Mutum yana cin lami shi kaɗai yana jin ƙamshin miyar gida, ba ya wata guda zai karya. A gyara tukunyar kowa, ƴaƴan ma jininsa ne, su ma za su amfana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a rana kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne. Uwargida takan ce, "Ai ban sa gishiri ba," alhali ta murje dunƙule huɗu a miya. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri da ke hau da jini, don haka a jiƙa wake tun dare ya nuna ba da ita ba. Yajin tsire, kilishi, kifin gwangwani da ɗanɗanon taliyar leda duk cike suke da shi. A rage a hankali cikin mako biyu ko uku, harshe yana sabawa. A cike gurbin da albasa, wadda Allah ya hore mana a Galmi da kewaye, da tafarnuwa, citta, tumatir, lemun tsami da daddawa ƴar asali.

Abincinmu na gado ba shi ne matsalar ba. Gero da dawa da wake, zogale, kuka, kuɓewa, yakuwa, kabewa, duk abokan zuciya ne. Dambun zogale da ɗan mai kaɗan ya fi farar shinkafa mai iyo cikin mai nesa ba kusa ba. Fura da nono ba laifi in ba a zuba sukari ba, sai dai mai ciwon sukari ya auna yawanta. Abin da za a ja baya da shi shi ne man shanu, kitsen rago, kayan ciki, fatar kaza, manja mai yawa, da soye-soye cikin man da aka maimaita. A auna man gyaɗa da cokali maimakon a tuttula daga kwalba. Nama ja kaɗan, marar kitse, ba kullum ba. Kifi in an samu, irin na Tabalak, a gasa ko a dafa. Cuku ɗan yanki ya isa. Gyaɗa marar gishiri cikin tafin hannu tana da kyau. Ranar suna ko biki ko Babbar Salla, ya ci ɗan abu a gida kafin ya fita, don kada yunwa ta sa shi gaban tire.

Mataki na 7: Taba, shayi da goro

Taba babu ragi a cikinta, bari ne gaba ɗaya. Mai ciwon jijiyoyin zuciya da ya bar taba yana rage hatsarin mutuwarsa da kusan kashi ɗaya cikin uku, ƙwayoyi kaɗan ne ke yin wannan aikin. Shisha da tabar gari ta baki ko ta hanci duk suna ciki, haka hayaƙin na kusa da shi. Abokan fada su taimaka, kada a kunna a gabansa. Fadar kanta kada ya bar ta, kaɗaici ba ya yi wa zuciya kyau. Shayi ƙaramin kofi ɗaya mai ɗan sukari ya wadatar, ba zagaye uku masu kauri ba. Goro yana sa zuciya gudu, a rage shi sosai, lemun gwangwani masu sa kuzari kuwa a bar su.

Mataki na 8: Abin da ake jin nauyin tambaya

Kusantar iyali tana dawowa. In mutum ya kai yana tafiya da ɗan sauri minti 10 zuwa 15, ko yana hawa bene hawa biyu ba ciwon ƙirji ba haki, galibi ya isa, kuma ga mafi yawa wannan yana zuwa cikin ƴan makonni. Hatsarin yana wurin maganin ƙarfin maza. Sildénafil da ire-irensa in sun haɗu da trinitrine suna sauke jini har mutum ya faɗi, ana mutuwa a haka. Wasu haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya, ko zuma, ko kofi, ana zuba musu wannan sinadarin ba a faɗa ba. In rauni ya samu, a gaya wa likita, wani lokaci sauya ƙwaya ɗaya ne maganin.

Sai abin da ke cikin rai. Dattijon da bai taɓa kuka gaban iyali ba sai a ga hawaye, ko ya riƙa faɗa kan abin da bai kai ba, ko ya ƙi barci don tsoron kada ya farka. Wannan yana samun mutane da yawa bayan ciwon zuciya, kuma ba raunin imani ba ne. Kada a rufe masa baki da "ka yi haƙuri" kawai. A zauna a saurare shi, a ci gaba da neman shawararsa kan lamuran gida don ya san har yanzu shi ne babba. In baƙin ciki da ƙin abinci da ƙin mutane suka wuce mako biyu, a faɗa wa likita, ana maganinsa. Mai jinyar ita ma a karɓe ta ta huta.

Mataki na 9: Salla da azumi

Wanda ruku'u da sujada ke ja masa rauni ko sa shi jiri ya yi salla a zaune, addini ya ba shi wannan. In masallaci yana kusa, zuwa can yana iya zama tafiyarsa ta rana, ban da Azahar a bazara.

Azumi kuwa, wanda ciwonsa ko aikinsa bai wuce mako 6 ba kada ya ɗauka, haka mai raunin zuciya mai tsanani ko mai ciwon ƙirji da bai lafa ba. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi wa majinyaci rangwame, malami zai fayyace masa ramuwa ko ciyarwa. Wanda ya daɗe da samun sauƙi ya ga likita wata guda kafin Ramadan, a tsara masa magani tsakanin buɗa-baki da sahur. Kada ya tsara da kansa. Tafiyar Hajji ko Umra ma sai da izinin likitan zuciya.

Mataki na 10: Komawa likita da komawa aiki

Ranar da aka ba shi ta komawa ba a ɗaga ta don ya ji sauƙi. In da hali a sayi na'urar awon jini ta dantse, a auna safe da yamma yana zaune bayan hutun minti 5, a rubuta a littafi. Ga mafi yawa ana son awon ya zauna ƙasa da 130 bisa 80, wato 13 bisa 8 a yadda ake faɗa a nan. Mugun kitsen jini, wanda takardar awo ke rubutawa LDL, ana son ya sauka ƙasa da giram 0,55 a lita, kuma akan sake auna shi bayan mako 4 zuwa 6 da fara magani. Za a duba ƙoda da sukari su ma.

Tuƙin mota ko babur akan jira mako 1 zuwa 4 gwargwadon abin da aka yi, bayan tiyatar ƙirji mako 4 zuwa 6. Direban haya ko na babbar mota aƙalla mako 6, kuma sai an gwada shi. Mai zaman shago ko ofis yakan koma cikin mako 2 zuwa 6, ya fara da rabin wuni. Manomi, magini da mai dako sukan kai wata 3, don haka in damina ta kusa, a nemi wanda zai riƙe gona tun yanzu.

Ranar komawa a tafi da ledar takardu, da littafin awo, da kwalayen magungunan gaba ɗaya, har da wanda wani ya kawo aka ajiye ba a sha ba. In ciwon ya same shi tun bai kai shekara 55 ba, ko 65 ga mace, ƴan'uwansa na jini da manyan ƴaƴansa su bi shi a auna musu jini da sukari da kitse a wannan zuwan.